Maki ko Kusancin Harami: Yadda Mai Katin Otal Zai Zaɓi Masauki

Duk wanda ya fito daga Masallacin Harami ta Ƙofar Sarki Abdul'aziz ya ɗaga kai, abin da zai fara tare masa ido shi ne dogon benen agogo mai tsayin mita 601, da sauran benayen Abraj al-Bait da suka kewaye shi. Wanda ya san harkar otal zai gane cewa kamfani ɗaya ne ya baje kolinsa a wurin. Fairmont da ke cikin benen agogon, da Raffles, da Swissôtel guda biyu, da Pullman Zamzam, da Mövenpick, duk na Accor ne, kamfanin Faransa. In mutum ya zagaya ta yamma wajen Jabal Omar, sai sunayen su sauya: Conrad da Hilton Suites da DoubleTree na gidan Hilton ne, ga Hyatt Regency, ga Marriott. Daura da Ƙofar Sarki Fahad kuma ga InterContinental Dar Al Tawhid na kamfanin IHG.

Manyan kamfanoni biyar ke nan a ɗan taƙin da mutum zai iya zagayawa da ƙafa tsakanin Azahar da La'asar, kuma kowannensu yana da tsarin da yake riƙe baƙinsa da shi. Ka yi rajista kyauta, a ba ka lamba, duk kwanan da ka yi a rubuta maka maki, in makin ya taru ka kwana ba tare da ka biya ba. In kwanakinka sun yi yawa a ɗaga matsayinka, a fara kiranka mai Gold ko mai Platinum. 'Yan kasuwa da ma'aikatan da aiki ke kai su Legas da Dubai da Landan da yawansu suna da irin wannan lamba a wayoyinsu. To idan tafiyar Umara ta taso, ko wata tafiya zuwa babban birni, tambayar da ke gabansu ita ce: a bi kati a sauka inda ya nuna, ko a ajiye shi gefe a nemi abin da ya dace da tafiyar?

Makka wuri ne mai kyau na auna wannan tambaya, domin babu birnin da tazarar mita ɗari uku take da tsada da muhimmanci kamarsa.

Tsarin tara maki bai tsufa sosai ba. Kamfanin jiragen sama na American Airlines ya buɗe nasa a 1981, masu otal suka bi sahu: Holiday Inn da Marriott a 1983, Hilton a 1987. A asali dabarar ba ta wuce gyara ba, irin wadda mai awo ke ƙara wa wanda ya saba saye a wurinsa don gobe ma ya dawo. Abin da ya bambanta shi ne a nan ba a zuba maka gyaran a take. Ana rubuta maka shi ne bashi, kuma wanda ya rubuta shi ke da ikon cewa nawa ya kai ranar da ka zo karɓa. A 2016 Marriott ya saye Starwood, mai Sheraton da Le Méridien da Four Points, a kan kuɗin da ya haura dala biliyan 13, daga baya aka haɗe tsare-tsaren aka raɗa musu Bonvoy a 2019. A 2016 ɗin dai Accor ya mallaki Fairmont da Raffles da Swissôtel, ya ƙara da Mövenpick a 2018, wanda shi ne dalilin da ya sa benayen agogo suka zama kusan gidansa. Yau mambobin Marriott sun haura miliyan 200, na Hilton ma haka.

Akwai abin da baƙo da yawa ba su sani ba, kuma shi ne tushen rabin ƙorafin da ake yi a teburin karɓar baƙi. Sunan da ke saman gini ba shi ne mai ginin ba. Marriott da Hilton da IHG ba su mallaki mafi yawan otal-otal ɗin da ke ɗauke da sunayensu ba. Suna ba da hayar suna ne ko su gudanar da wurin a biya su. Otal-otal ɗin Jabal Omar na wani kamfanin gine-gine ne na Saudiyya, benayen agogo kuwa suna kan wakafin Sarki Abdul'aziz. Transcorp Hilton na Abuja, wanda aka buɗe a 1987 da sunan Nicon Noga Hilton, mallakin Transcorp Hotels ne. Saboda haka kamfanin da ke Amurka ko Faransa shi ke yi wa mamba alkawarin karin kumallo da babban ɗaki, amma mai gini ne ke cika alkawarin daga aljihunsa. In mamba ya kwana da maki, kamfanin yana biyan otal ɗin wani kuɗi da yawanci bai kai farashin ɗakin ba, sai dai idan otal ɗin ya cika maƙil a daren. Wanda ya gane wannan ba zai yi mamakin cewa otal biyu masu suna ɗaya suna karɓar mai kati ɗaya da fuska biyu ba.

Sai batun matsayi. A Marriott, kwana 10 a shekara ke ba mutum Silver, 25 Gold, 50 Platinum, 75 Titanium. A Hyatt babban matsayin Globalist kwana 60 ne. A Accor kwana 10 Silver, 30 Gold, 60 Platinum. Mutumin da ke zuwa Umara sau ɗaya a shekara, ya yi kwana biyar a Makka, huɗu a Madina, ko matakin farko bai taka ba. Kuma gaskiyar magana, matakan ƙasa ba su da wani nama a jikinsu: ɗan ƙarin maki, intanet, ruwan gora, da alkawarin kyautatawa idan hali ya yi. Abubuwan da ke rage wa mutum kashe kuɗi da gaske suna farawa ne daga sama.

Wani abin lura kuma, ba kowane mai Gold ne ya kwana ya same shi ba. A Amurka katin banki kawai yana ba mutum matsayi: mai American Express Platinum yana samun Gold na Hilton da na Marriott ko da bai taɓa kwana a otal ɗinsu ba, akwai ma katin da ke ba da Diamond na Hilton kai tsaye. Ɗan Kano ko Maraɗi ba shi da wannan gajeriyar hanya, sai ya tara kwanakinsa ɗaya bayan ɗaya. Idan ya isa Landan ko New York da Gold ɗin da ya sha wahala a kansa, zai tarar da layin masu irinsa ya yi tsawo, manyan ɗakunan da za a raba kuwa ba su ƙaru ba. A babban birni darajar kati takan ragu daidai lokacin da aka fi bukatarta.

Kafin ma a kai ga wannan, akwai shingen da ke tare mafi yawan masu Umara daga ƙasashenmu: ta ina aka kama ɗakin? Dokar kusan duk waɗannan tsare-tsare ita ce maki da lissafin kwana da alfarmar matsayi na wanda ya kama ɗaki kai tsaye ne, ta manhajar kamfanin ko shafinsa ko otal ɗin kansa. Wanda ya bi ta Booking.com ko Expedia yawanci ba ya samun komai. Haka wanda ya tafi ta kamfanin jirgin yawo, wanda ya sayi ɗakuna a dunƙule daga dillalan Saudiyya ya haɗa da biza da tikiti da mota. Alhaji zai iso a gajiye, da harami a jikinsa, ya miƙa fasfo ya nuna lambarsa a waya. Ma'aikaci zai duba kwamfuta, ya yi masa maraba cikin ladabi, ya shaida masa cewa wannan ɗaki na rukuni ne, ba a rubuta masa maki. Ba a zalunce shi ba, haka yarjejeniyar take tun farko, sai dai ba a faɗa masa a gida ba. Kuma sau da yawa farashin da ejan ya samo ya fi na manhaja sauƙi nesa ba kusa ba, musamman a ɗakin mutum huɗu. Idan ragin ya fi abin da makin zai kawo, babu dalilin yin baƙin ciki.

Yanzu a zo kan babbar magana, wato nisa.

Suna ɗaya yana iya rufe tazara mai yawa. Mai katin Marriott da ya buɗe manhaja ya rubuta Makka zai ga Marriott na Jabal Omar, wanda ake takawa da ƙafa zuwa Harami. Zai ga Le Méridien Towers a Kudai, inda sai an hau motar otal ta bi ta ramin dutse. Zai ga Four Points na unguwar Naseem, mai nisan kilomitoci. Duk maki iri ɗaya suke bayarwa, duk kwana ɗaya ake rubutawa. Mai katin IHG zai ga Dar Al Tawhid da ke bakin farfajiyar masallaci, ya kuma ga voco, katafaren otal mai dubban ɗakuna a can ƙasan titin Ibrahim Khalil, wanda shi ma da mota ake jigilar baƙinsa. Na nesan sun fi araha sosai, kuma da yawansu sababbi ne masu tsabta. Ga matashi mai ƙarfin ƙafa da zai fita tun kafin Asuba ya wuni a masallaci, ba su da laifi ko kaɗan, har ma sukan zama zaɓi na hankali.

Amma a ɗauki mutumin da ya taho da mahaifiyarsa mai ciwon gwiwa. Salla biyar ce a rana. Kowace fita daga otal na nesa tana nufin jiran mota, da cunkoson hawa, da sauka a tashar da ba a bakin ƙofar masallaci take ba, da tura keke a cikin zafin da a bazara yakan wuce digiri 40. Bayan an idar da Isha dubban mutane ne ke neman motocin a lokaci guda. Kwana biyu ana haka, tsohuwa za ta ce wa ɗanta, ka je kawai, ni zan yi tawa a ɗaki. An biya kuɗin jirgi da biza don ta yi salla tana kallon Ka'aba, ta ƙare tana yi a hawa na goma sha biyu a wata unguwa. Babu adadin makin da zai biya wannan asara, kuma duk wanda ya zaɓi otal saboda ya cike kwanakin da suka rage masa ya kai Platinum, alhali yana tare da irin wannan baiwar Allah, bai yi lissafi daidai ba.

Kusancin ma yana da nasa sirrin da taswira ba ta nunawa. A benayen agogo, tazarar da ke tsakanin gado da sahu ba a ƙasa kaɗai take ba, har da ta sama. Mutum zai fito daga ɗaki minti ashirin kafin Magariba ya tarar da jama'a tsaye a gaban lifta. Ta farko ta buɗe a cike, ta biyu ma haka. In ya samu shiga, a wasu otal-otal ɗin sai ya sauka a hawan karɓar baƙi ya sake wata liftar, sannan ya ratsa ta cikin kantuna kafin ya ga farfajiya, inda mai yiwuwa jami'ai sun riga sun rufe hanyar shiga saboda ciki ya cika. Shi ya sa waɗanda suka saba suke fita da wuri, ko su yi salla a masallatan da ke cikin benayen, waɗanda ake jiyo limamin Harami ta lasifika. A Jabal Omar kuma tudu ne. Wani otal ɗin yana gaba, wani yana bayansa, kuma dawowa ta fi tafiya wuya. Tambayar da ta fi amfani a yi wa wanda ya taɓa sauka a wuri ita ce: minti nawa daga ƙofar ɗaki zuwa sahu a lokacin salla, da keke ko babu keke?

Shi kansa makin, nawa ne kuɗinsa? Accor ya fi kowa sauƙin lissafi domin ya ƙayyade farashi: maki 2,000 daidai yake da yuro 40. Sabon mamba yana samun maki 25 a kan kowace yuro 10 a yawancin otal-otal ɗinsa, wato kashi 5 cikin ɗari na abin da ya kashe. A otal-otal ɗinsa na ibis rabin haka ne. A ɗauka mutum ya kama ɗakin yuro 200 na kwana biyar. Ya kashe 1,000, ya samu maki 2,500, kimanin yuro 50. Idan akwai otal na wani kamfani a gefe, mai kyau iri ɗaya, da ya fi sauƙi da yuro 15 kacal a kowane dare, ya riga ya cinye ribar katin har da ƙari. Marriott da Hilton suna ba da maki 10 a kan kowace dala a yawancin wurarensu, amma masu bibiyar harkar ba sa yi wa makin ɗayansu kuɗin da ya kai santi ɗaya, don haka lissafin ba ya yin nisa da na Accor. Mai Gold a Marriott yana samun ƙarin kashi 25 na maki, mai Platinum kashi 50. Haraji kuma ba a ba da maki a kansa, ga shi a Saudiyya harajin kaya da hidima kashi 15 ne tun 2020.

Kuma farashin kwana da maki ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da can kowane otal yana da rukuninsa, kowa ya san maki nawa ake kwana da shi. Hilton ya soke wannan jadawali a 2017, Marriott ya soke nasa a 2022; yanzu makin da ake nema yana hawa da sauka tare da farashin kuɗi. Wanda ya shekara uku yana tari da niyyar goman ƙarshe na Ramadan zai iya tararwa an ninka abin da ake nema, ko kuma babu ɗakin maki sam, domin a waɗannan darare otal-otal na kusa da Harami sukan sayar da kwanakin ne a haɗe, da tsabar kuɗi, tun watanni kafin lokacin. Hyatt ne ya ci gaba da wallafa jadawali, amma otal-otal ɗinsa ba su kai na sauran yawa ba, a yankinmu na Afirka ta Yamma kuwa da wuya mutum ya samu inda zai tara makinsa.

Wannan ba yana nufin katin banza ba ne. Akwai wuraren da yake yin rana sosai, kuma ya kamata a faɗe su da adalci.

Na farko karin kumallo. A otal mai tauraro biyar a babban birni, abincin safe na mutum biyu kuɗi ne mai kauri, in aka tara na kwana biyar yakan fi makin da aka samu daraja. Hilton ya yi suna a nan, domin tun daga Gold yake ba da shi a yawancin otal-otal ɗinsa na wajen Amurka; a cikin Amurka kuwa tun 2021 ya mayar da shi wani ɗan kuɗin abinci da ake cire wa baƙo a lissafi. A Marriott sai an kai Platinum, kuma ko an kai, otal-otal ɗinsa na Ritz-Carlton da EDITION ba sa ciki. Sai dai alfarmar ta mamba ce da mutum ɗaya da ke ɗakinsa. Iyali mai mutum biyar a ɗaki biyu za su biya na sauran. A Makka kuma farashin ɗakuna da yawa ya riga ya haɗa da abincin safe, don haka sai a duba kada a yi murnar samun abin da kowa ke samu. Da azumi, yana da kyau a rubuta wa otal tun kafin tafiya a ji ko za a mayar da shi sahur.

Na biyu, kuma wanda aka fi rainawa, shi ne jinkirta sakin ɗaki. Mai Platinum a Marriott yana da damar zama har ƙarfe huɗu na yamma a yawancin otal-otal, ban da na wuraren shaƙatawa da na manyan taruka inda sai in akwai hali. Globalist na Hyatt ma haka. Ga wanda jirginsa zai tashi daga Jidda da dare, wannan na nufin ya yi ɗawafin bankwana, ya dawo ya yi wanka, yara su yi barci, maimakon a zube da jakunkuna da jarkokin zamzam a falon otal tun sha biyun rana.

Na uku shi ne dare na biyar. A Marriott duk mamban da ya kama kwana biyar a jere da maki, huɗu zai biya. A Hilton ma haka ne ga mai Silver zuwa sama. Kwana biyar kuwa shi ne kusan abin da mai Umara ke yi a Makka. Idan aka haɗa da cewa kwanan maki yawanci ba a ɗora masa haraji, ɗan kasuwar da ya tara maki a tafiye-tafiyen aiki zai iya sauke iyayensa a Jabal Omar a lokacin da kuɗin wurin ya fi ƙarfinsa. Nan ne amfanin tsarin yake fitowa fili, ga wanda dama aikinsa na sa shi kwana a otal.

Ɗaga darajar ɗaki kuwa, wanda shi ne abin da mutane suka fi buri, shi ne mafi rauni. Sharaɗinsa a rubuce yake: idan akwai. A Makka ɗakuna hawa uku ne a farashi, mai kallon gari, mai kallon Harami, da mai kallon Ka'aba, kuma tazarar kuɗin da ke tsakaninsu babba ce. Manajan da ke da baƙin da za su biya tagar Ka'aba da kuɗinsu ba zai bayar da ita kyauta ba a lokacin cunkoso. Wanda ransa ke son wannan taga ya saye ta tun farko. Falon manyan baƙi ma sai an auna shi da ma'aunin mutum. A Landan ko Dubai, wani babban kaso na abin da ake tallata falon da shi giyar yamma ce ta kyauta, wadda ba ta da wani amfani ga Musulmi, abincin safen ma sai ya tambayi abin da ke ciki. Wanda ya sauka a Hilton London Metropole a kan titin Edgware, inda gidajen abincin Larabawa na halal suke jere, ƙila ya fi jin daɗin fita waje ya ci. A Makka, mai kewar tuwo da miyar kuka ya san hanyar Misfala.

Darasin nisa bai tsaya a ƙasa mai tsarki ba. A Legas, mai katin Marriott yana da Sheraton da Marriott a Ikeja, kusa da filin jirgi, yana da Four Points a Victoria Island. Idan taronsa a tsibiri yake ya sauka a Ikeja don falon ya fi kyau, to gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12 za ta karɓi sa'o'insa safe da yamma. Idan kuma wurin taron Eko Hotel ne, wanda ba ya cikin ɗayan waɗannan manyan kamfanoni, sauka a cikinsa ba tare da maki ko ɗaya ba zai iya fin komai. Legas da Abuja suna kuma koyar da wani abu: suna yana sauka daga kan gini. InterContinental na Legas, wanda aka buɗe a 2013, ya rabu da IHG a 2018 ya koma Lagos Continental. Tsohon Sheraton na Abuja yanzu Abuja Continental ne. Ginin na nan, amma mai katin da ya saba sauka a can ya daina samun komai. A Kano ma otal-otal ɗin da aka fi sani, irin su Bristol Palace da Tahir Guest Palace, ba sa cikin waɗannan tsare-tsare, don haka ɗan Arewa ba ya tara maki a gida kamar yadda Ba'amurke ke yi a kowane ƙaramin gari.

Ga ɗan Najeriya akwai kuma nauyin canji. A farkon 2023 dala a farashin hukuma ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500. Bankuna sun daɗe da taƙaita amfani da katin naira a waje, wasu suka dakatar da shi gaba ɗaya, kafin a fara sassautawa a 2025. Kama ɗaki kai tsaye yana bukatar katin da zai yi aiki a ƙetare, kuma otal yakan riƙe wani kuɗi a kai na jingina har sai an fita. Wannan ma na cikin abin da ke mayar da mutane hannun ejan da za a biya shi da naira.

Maki kuma yana mutuwa. Na Marriott da Hilton da Hyatt yana ƙarewa idan asusun ya yi wata 24 ba motsi. Na Accor kwana 365 ne kawai, wanda ke nufin mai zuwa Umara shekara-shekara, in tafiyarsa ta bana ta yi jinkirin 'yan makonni, zai iya buɗe manhaja ya ga babu komai. Akwai kuma abin da mamba ke bayarwa wanda ba a sa shi a lissafi: lambar fasfo, ranar haihuwa, tarihin duk inda ya kwana. A 2018 Marriott ya bayyana cewa an kutsa rumbun bayanan Starwood, abin ya shafi bayanan baƙi ɗaruruwan miliyoyi, har hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci shi tarar fam miliyan 18.4 a 2020. Ba dalilin ƙin rajista ba ne, amma dalili ne na sa kalmar sirri mai ƙarfi da kuma ƙin ajiye katin banki a asusun in ba dole.

Rajistar kanta kyauta ce, kuma mamba ko na matakin farko yakan ga farashi ɗan ƙasa da na kowa a manhaja. Saboda haka mai tafiya jefi-jefi ba abin da zai rasa in ya shiga biyu ko uku, ya bar wuri da farashi su zaɓa masa, sannan ya miƙa lambar kamfanin da abin ya faɗa kansa. Wanda ke kwana hamsin ko sittin a shekara kuwa, shi ya dace ya tsaya wa kamfani ɗaya, kuma ya zaɓe shi da taswirar garuruwan da yake zuwa da gaske. Mai iyali ya san cewa Marriott yana ba da makin ɗaki har uku idan shi ya biya kuma yana cikin ɗayansu, amma kwanan ɗaki ɗaya ake lissafa masa wajen hawa matsayi.

A Madina, inda yawancin masu Umara ke ƙarasa tafiyarsu ko su fara ta, katin ba ya ma iya raba gardama tsakanin otal biyu na gida ɗaya. Anwar Al Madinah Mövenpick da Pullman Zamzam duk na Accor ne, duk suna kusa da Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amma na farkon yana ɓangaren arewa, inda wuraren sallar mata suke, na biyun yana kudu, ta wajen alƙibla. Namiji shi kaɗai mai son saurin isa Ƙofar Salam don ziyara zai ji daɗin kudu. Wanda ya zo da uwa da mata da 'ya'ya mata kuwa, in ya sauka a kudu, sai sun zagaye farfajiyar masallacin mai faɗi sau biyar a rana kafin su kai ƙofarsu, don haka arewa ta fi masa ko da ɗakin ya ɗan fi tsada.